Ƙuri'ar Baba Muntaka

"An rufe iyaka tun daren jiya, sai gobe," in ji jandarman Nijar mai gadin wurin, bai ko ɗago daga bencinsa ba.

Na kashe babur. Baba Muntaka na bayana ya riƙe mini riga, ina jin zafin jikinsa a gadon bayana. Katin zaɓensa na Nijar yana hannunsa tun daga gida, sai ka ce wani zai ƙwace.

"Yaro, ɗan ƙasa ne ni. Zaɓe zan je."

"Ranar zaɓe ba shiga ba fita, Baba. Da jiya kuka zo."

Jiya ɗin kuwa ya ce mu zo. Ni na samu fasinjan Gagarawa, na ce masa Lahadi da sassafe ma ta yi, ai ƙauyen nasu ba nisa. Laifina ne, ba sai an gaya mini ba.

Shekara talatin da wani abu muna katanga ɗaya da shi a Maigatari, yana ɗinkin hula a zaure. Matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika. Ba ya zuwa ƙauyensu na Nijar da salla, ba ya zuwa biki, wai duk waɗanda ya sani sun ƙare. Amma ranar zaɓe ko ana ha maza ha mata sai ya tsallaka. Zagayen farko ya same shi a kwance, sai ga shi an ce za a yi na biyu. Har tsokanarsa nake, na ce don shi aka sake.

Na juya babur, na rage murya. "Baba, akwai hanyar gonaki. Kowa ita yake bi."

"Shehu, ta ɓarauniyar hanya zan shiga ƙasata in zaɓi shugaba?"

"To wa zai sani?"

"Ni zan sani. Mai da ni gida."

Tsohon nan akwai taurin kai. Na yi magiya har na gaji, muka koma.

Yinin ranar a zaure ya yi shi, rediyo a kan cinya, tashar Damagaram na ta Faransanci da Hausa. In an ambaci wani gari sai ya ce, "Na taɓa kwana nan." Ba wanda ya zauna da shi. Mutanen layinmu kowa na harkarsa, zaɓen wasu ne. Ni ma kunya ta hana ni daɗewa. Matata Amina ta kai masa kunu, ta dawo da shi yadda yake.

Da hantsin Litinin na leƙa. Ya ce, "An faɗi sakamakon wajenmu?"

"Tukuna, Baba."

"To, in an faɗa ka gaya mini."

Kafin azahar ya cika. Mu tara muka kai shi, duk 'yan layi. Ba a sanar da sakamako ba sai washegari, ban ma tsaya jin wanda ya ci ba.

Bayan sadakar uku na ɗauki katinsa na tsallaka, don a kai wa dangi labari. Na tambayi masu shayi, na tambayi liman, kowa ya ce wane Muntaka. Wata tsohuwa ta yi dogon tunani, ta ce ko mai hular nan da ke zuwa ranar zaɓe ya zauna shi kaɗai a gindin bishiyar bedi. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan rana ba.

Malamin lakwal, wato makarantar bokon ƙauyen, shi ne ya karɓi katin, ya ja ni bayan aji. Takardun sunayen masu zaɓe na nan manne a bango, rana ta fara cin su. Ya bi da yatsa har ƙasan shafi na uku.

"Ga shi nan. Ɗan'uwanka ne?"

"Maƙwabcina ne."

Ya yi masa addu'a, ya koma wajen ɗalibansa. Gefen takardar ya ɓalle daga bango. Na sa babban yatsa na danne shi, na daɗe ban ɗauke ba.