Sarautar da 'Yan Taifot Suka Ba Ni

Zazzaɓin ya dawo ran Laraba bayan azahar, ya kayar da ni a tabarmar Hajja, gindin dalbejiya. Hajja kakata ce, ita ta rene ni. Ni ina ce mata amarya, ita tana ce min maigida marar cefane.

Ga abin da ba ta sani ba. Likita ya ce taifot ne, ya ba ni kafso na kwana goma. Na sha na kwana uku na ji garau. Sai ga abokina Lawandi yana rawar sanyi, ni kuma da son a ce Sabitu ɗan kirki ne, na juye masa sauran a hannu, na ce wa Hajja na shanye tas. Yanzu da ciwo ya dawo ta yanke hukunci: maganin asibiti ya gaza, ba mai komawa. Tana can bakin murhu tana dafa min sassaƙe.

"Maigida, kar ka mace min kafin ya dahu."

"Haba amarya, in bar wa wa ke?"

Na so in ƙara wata zolayar, amma idona ya yi nauyi. Ganyen dalbejiya suka fara zubowa ɗaya ɗaya, kowanne ya taɓa ƙasa sai ya zama ƙofa. Na tura guda na shiga.

Gari ne ja. Titunansa gudu suke da kansu kamar rafi, bangayen suna numfashi, can nesa wani yana ta dukan ganga bai gajiya. Ni mai gyaran wuta ne, tasta, abar gwada wuta, ba ta barin aljihuna. Sai ta leƙo, 'yar fitilarta ta kama, ta ce, "Oga, ka gane garin? Cikinka ne."

"Kai! Duk wannan fili? Shi ya sa tuwon Hajja ba ya isata."

Muna shan kwana muka ci karo da 'yan sintiri cikin fararen kaya, suna cinna wa lunguna wuta. Shugabarsu wata tsohuwa ce mai hannu ya fi ashirin, fuskar kuwa ta Hajja sak, har da wushiryar.

"Amarya! Yaushe kika shiga aikin tsaro? Kuma me ya sa kuke ƙona min gari?"

"Ɓarayi muke nema, yaro. Da, da jela muke gane su. Duk mai jela mu cafke, mu yi kururuwa, mu haɗiye. Yanzu ko jela ɗaya babu, amma ɓarna kullum. Zafin nan kaɗai ya rage mana."

Wata 'yar sintiri ta yi hamma kusa da ni. Hammar ta yi ta faɗi har ta zama zaure, na zame na faɗa ciki.

Wallahi falo ne a cikinta, har da kafet. Wasu gajeru masu santsi kamar ɗanwake sun baje suna shan shayi. Babbansu ya taso da riga mai sheƙi, na kai hannu mu gaisa, hannuna ya sulluɓe.

"Sunana Taifot. Na ji kai ma'aikacin wuta ne. Zo ka ga aiki."

Ya buɗe ƙirjinsa kamar ƙofar mita. Makunnai ne jere, dubbai, wayoyi sirara kamar gashin masara. Ni da nake cika baki a unguwa, sai na ji kamar ban taɓa riƙe filaya ba.

"Kowane makunni umarni ne da muka gada tun kakanni," ya ce. "Ba ma kunna su gaba ɗaya. Gari muke saurara. A cikin hanji mu kunna na jela, mu yi iyo. Muna ƙetare bango muka ji ɗanɗanon wuri ya canza, ƙyat, mu kashe jela, mu kunna na riga. Tsohuwa ta wuce mu har da sannu."

"To in an haɗiye ku fa?"

Ya taɓa wani, 'yar allura ta fito daga goshinsa. "Mu ɗan tsikare ta, ta manta da narkar da mu. Ga gida, ga mota kyauta, ita ke yawo da mu."

"Kai, ku 'yan duniya ne!"

"Abu ɗaya muke tsoro: ruwan sama mai ɗaci. Da ya sauko, 'yan'uwanmu suka yi ta zubewa. Mu 'yan kaɗan muka kashe kusan komai, muka yi lamo kamar gawa. Da ya kai kwana goma..." Sai duk falon ya fashe da kuka. Ya share ido. "Amma rana ta huɗu wani bawan Allah ya ɗauke ruwan."

Kafin in ce uffan sun zagaye ni da guɗa. Suka naɗa min rawanin jar waya, suna kirari: "Sarkin Taimako! Ranka ya daɗe!"

Na zaro tasta zan cire wa Taifot fis, in kashe masa wuta. Ta ce, "Oga, wannan ba layinka ba ne." Ina kallo ya tsage gida biyu, kowane da allon makunnansa, biyun suka zama huɗu, huɗun suna min murmushi. Kafet ɗin ya naɗe da ni, ya tofar da ni waje.

Wutar lunguna ta kai sama. Tsohuwa ta jingina bayanta da bangon hanji, duk hannayenta a baje tana tare shi. Bangon ya yi shara-shara kamar tsohon zani, har haske na ratsowa.

"Ya kusa hujewa," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "An yi mana alkawarin ruwan kwana goma. In sama ce ta yi mana ƙarya, mu daina jira, in riƙe da hannuna har inda ƙarfina ya kai."

Rawanin ya fara matse min kai. Ta ɗago ta dube shi.

"Wa ya naɗa maka wannan, maigida?"

Na buɗe baki in yi zolaya. Zolayar ta fito ta zama fara mai fiffike, ta tashi sama. Na sake buɗewa, wata fara. Haka suka yi ta fita har bakina ya zama wayam, saura magana ɗaya, mai nauyi kamar dutsen niƙa.

"Ni ne!"

Na farka zumbur, jiƙe sharkaf. Hajja na durƙushe a kaina da ƙoƙon sassaƙe.

"Kai ne wa?"

"Hajja, kafson nan... na kwana uku na sha. Sauran na ba Lawandi."

Ta ajiye ƙoƙon a hankali. Na jira ranƙwashi, na ma sunkuyar da kai. Sai na ga ta jawo mayafi daga igiya.

"Tashi," ta ce. "Mu biya mu ɗauki wancan shashashan, asibiti za mu. Ni da tsufana ba zan yi takaba a kan rabon kafso ba."