Zabin Sa'adu Masu Koren Fiffike

A Matameye an yi wasu zabi da ba su taɓa jin ɗumin cikin kaza ba, kuma Sa'adu ne ya kawo su duniya.

Sa'adu ɗan cin rani ne tun yana saurayi. Duk shekara da an ɗaure damin gero na ƙarshe, sai ya ƙetare iyaka ya je Kano, yana tura kurar ruwa unguwa-unguwa har hadari ya fara haɗuwa. Kurar nan ce ta cinye masa baya. Ya kai in ya yi ruku'u sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce in ya ƙara rani ɗaya a bayan jarkoki, to ya fara neman sanda. Shi ya sa da ya ji wata ƙungiya za ta koya wa mutane yadda ake kafa ƙaramar sana'a, ya riga kowa zama a bencin gaba.

Mai koyarwar, Madam Sadiya, mace ce mai fara'a, kuma maganarta ba ta da ƙarya. Ta ce mutum ya fara da abin da ya sani. Ta ce a nemi mai saye tun kafin a nemi haja, kuma kada a yarda tukunyar gida ta riƙa ci daga jarin sana'a, don tukunya ba ta ƙoshi. Da za a tashi ta ɗaga yatsa ta ce, “Ku yi wa kayanku alama, taku ta kanku, wadda za a hango daga nesa a ce na wane ne.”

Sa'adu bai zubar da ko ɗaya ba. Zabi ya sani tun yana yaro. Ya je Damagaram ya sami wani mai gasa kaji da ya yi alkawarin kwashe duk abin da ya kawo bayan kaka. Ya sayar da kurarsa, matarsa Najaha ta ba da ragonta, aka sayo injin ƙyanƙyasar ƙwai: farin akwati mai tagar gilashi, da faifan da ke shan rana a kan rufi yana ba shi wuta. In aka kunna shi sai ya riƙa wani gunji a hankali, kamar ƙudan zuma a kogon kuka. Kafin mako ya zagayo unguwa ta raɗa masa suna kazar ƙarfe.

Baba Illa, ƙanen mahaifinsa, wanda shi ne babban gidan, ya zo ya leƙa tagar ya daɗe.

“To ina zakaranta?” ya tambaya.

“Ba ta bukata, Baba.”

“Ikon Allah. Kazar da ba ta tono, ba ta kashi. Wannan ko a Aljanna sai an nemi hanya.”

Ruwa ya sauka, zabin ƙauyuka suka fara zuba ƙwai. Sa'adu ya bi Kurni da Tsauni yana saye, yana ɗaga kowanne ga rana kafin ya karɓa. Bayan wata guda akwatin ya cika da kuka. Tsaki ne birjik, jajaye-jajaye masu zane a ka, sun fi ƙarfin ƙirgen mai gaggawa. Sa'adu ya zauna a ƙasa suna hawa ƙafafunsa, ya ji bayansa ya yi shiru a karo na farko cikin shekaru.

To, zabo ba a tsare shi a gida, daji ne ke kiwonsa. Da ya yi ƙwari ake sakinsa ya shiga gonaki ya ci fara da tsutsa, ya gauraya da na maƙwabta, sai bayan girbi kowa ya tattara nasa. Saboda haka kowane gida a unguwar yana da yankansa: tun suna tsaki ake datse musu kan yatsa ɗaya. Gidan Habibu maƙwabcinsu, na tsakiya a ƙafar dama. Gidan Illa, na gefe a ƙafar hagu, haka aka gada.

Baba Illa ya zo da reza da kansa.

“Kawo su, a yi musu shaidar gida.”

Sa'adu ya sunkuyar da kai. Ya san abin da shaidar gida take nufi. Duk tsuntsun da ke ɗauke da ita na gida ne. In baƙo ya sauka a kama ɗaya, in an yi haihuwa a kama biyar, ba wanda zai tambaye shi, kuma ba zai iya buɗe baki ba. Ga tukunyar da Madam ta faɗa, ta zo da reza a hannu.

“Baba, a yi mini haƙuri. Waɗannan na sana'a ne. Zan yi musu tawa alamar.”

“Taka?” Tsoho ya ninke rezar cikin takardarta. “Ashe an raba gida ban ji ba. Allah ya sa albarka.”

Sauran yatsun duk suna da masu su a unguwar, don haka Sa'adu ya sayo koren fenti. Shi da Najaha suka wuni suna shafa wa kowane tsako a fiffiken dama. Da aka sake su, abin ya yi kyau ƙwarai. Daga ƙofar gida kana hango kore yana gilmawa tsakanin shuka, yara suna ihu, “Ga 'yan lakwal ɗin Sa'adu!” don sun yi kama da 'yan makaranta masu kaya iri ɗaya. Sai dai ba su da uwar da za ta jawo su gida da yamma. Suka bi garken maƙwabta, suna kwana tare da su a kan gawo da tsamiya can bakin gonaki. Sa'adu bai damu ba. Ai da alama.

Gero ya tashi ya rufe mutum, zabi suka ɓace a cikinsa, sai kukansu ake ji. Wata safiya yana zaga gona ya tsinci koren gashi a kunya. Ya ce shaho ne. Gaba kaɗan ya ga wani, ya ga wani, ba jini, ba ƙashi. Ya cika aljihu ya koma gida ya zube su a tabarma.

Najaha ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta dube shi.

“Baban Sakina, wannan ba cinye su aka yi ba. Famfara suke yi.”

“Famfara kuma? Haƙori ne da su?”

“Yadda yaro ke zubar da haƙoran nono, haka tsako ke zubar da gashin ƙuruciya. Ni ma na sani, kai ma ka sani. Wallahi ban tuna ba.”

Ya sani. Ya sha ganin haka tun yana ɗan gata a bayan kakarsa. Amma ranar fentin nan ba zabi yake gani ba, haja yake gani.

Ya shiga gero yana neman kama su, amma wa ya taɓa kama zabo a cikin gero, balle mai ciwon baya? Sai ya jira girbi.

Da aka kwashe amfani, fili ya buɗe, kowa ya koro nasa. Garken Habibu ya ninka. Na gidan Illa ma ya yi auki. Sa'adu ya bi akurki-akurki yana ɗaga ƙafafu, yana ganin yankan da ya tsufa ya yi baƙi, yana ganin wanda ɓawonsa bai gama bushewa ba.

“Habibu, wannan yankan na kwanan nan ne.”

“Ƙaya ce ta fama shi. Haba maƙwabci, bana kajina sun kwanta kan ƙwan zabi da kyau, shi ma laifi ne?”

Aka je gaban mai unguwa Bawa. Ya saurari kowa, ya ce, “Sa'adu, ni ban ce ƙarya kake ba. Amma da me za ka shaida su? Kawo mini abu ɗaya in kama.”

Sa'adu ya ce, “Sun san muryar uwarsu.”

Ya je ya ɗauko kazar ƙarfe a amalanke, da batirinta, ya ajiye ta a tsakar fili. Aka saki zabin unguwa duka. Ya kunna. Akwatin ya fara gunjinsa, Sa'adu ya tsuguna a gefe ya buɗe murfin, ya jira. Da farko mutane sun yi dariya, har wani ya ce a watsa mata tsaba ko ta kira su. Daga baya dariyar ta mutu, kowa ya rasa inda zai sa idonsa. Zabin suka yi ta tsattsagar ƙasa suna kai da kawo. Wata zabuwa ta matso, ta karkata kai ta dubi gilashin da ido ɗaya, ta wuce.

Mai unguwa ya yanke cewa duk wanda ba shi da yanka na Sa'adu ne. Aka lalube, ba su cika kwando ɗaya ba. Mai gasa kaji na Damagaram ya ce ba zai tayar da mota saboda su ba.

Sa'adu ya kira Madam Sadiya a waya. Ta jajanta masa da gaske, ta ce kada ya karaya, duk babban ɗan kasuwa ya taɓa faɗuwa, baɗi ya sake gwadawa da wayon da ya samu.

“Haka ne, Madam,” ya ce. Bai faɗa mata ba cewa tsakaninsa da baɗi akwai rani, kuma geron da ke rumbu ba zai kai su ba.

Ranar kasuwa da zai koma cin rani, Najaha ta raka shi har bakin tasha, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ɗaure masa ƙugu da tsohon zanenta a ƙarƙashin riga.

“Kada ka cika jarkokin duka. Ka riƙa rage biyu.”

“Kurar haya ce yanzu. Mai ita ba zai yarda ba.”

“To ka riƙa bin hanyar da ba ta da hawa.”

“To.”

Motar da ya samu, fatake sun riga sun cika samanta da kwandunan zabi, za a kai su Kano, inda suka fi tsada. Habibu na tsaye a gefe yana sallama da mai sayensu, ya ɗaga wa Sa'adu hannu ya ce a sauka lafiya. Sa'adu ya amsa, ya dafa ƙofa ya hau a hankali, ya zauna ƙarƙashinsu. Har aka wuce iyaka suna kuka a kansa, shi kuma ya kasa kunne, wai ko zai gane muryar wani.