Gaisuwa a Titin Kassara

"Wannan ai ɗan kamfai ne, Yaya Hashim."

"Wando ne, Ustaz. Zagaya bayan mota ka sa, samari suna jira."

Abdulhadi ya ɗaga abin da yatsu biyu yana kallo. Baƙi ne, mai sheƙi, an cusa masa soso a wurin zama. Tun da ya bar Zariya ya zo karatun hadisi a Makka, ko gwiwarsa babu wanda ya taɓa gani, ga shi yau ana so ya fito da cinyoyinsa a bainar jama'a, ranar Juma'a kuma, da sanyin safiya. Ya tuna Minnatullah, ya zagaya bayan motar.

Son Minnatullah ya kama shi ne a wani shagon littattafai a Aziziyya, kuma tun daga ranar bai sake cin abinci ya ji ɗanɗanonsa ba. Yakan rubuta mata saƙo mai tsawon huɗuba, ya sa wata da taurari da tsuntsayen Harami a ciki, ita kuma ta amsa da "To, madalla." Wannan "madalla" ita yake ta juyawa a ransa har ya makara zuwa darasi. Da ya ce yana so ya turo manya, sai ta ce masa babansu ba shi da matsala, amma ba a isa wurinsa sai ta hannun yayanta Hashim. Hashim ne mai aiki a kamfani, shi ke riƙe da gidansu a unguwar Ka'akiyya, saboda haka shi ke cewa wane ya shigo, wane ya tsaya a waje.

Hashim kuwa ya ce ba ya haɗa zuri'a da mutumin da bai gwada numfashinsa ba. In Ustaz yana son Minna, ya zo ya hau keke da su.

"A Zariya da keke na yi makarantar allo," Abdulhadi ya faɗa masa a lokacin, da ƙwarin gwiwa.

Sai dai keken Zariya yana da sirdi mai faɗi da ƙararrawa da wurin ɗaura buhu. Wannan da Hashim ya sauko masa da shi daga kan mota, tayarsa ba ta kai kaurin yatsa ba, ƙahonsa ya lanƙwashe ƙasa kamar na rago, sirdin kuma sai ka ce wuƙa aka kifa. Ga wani takalmi mai ƙarfe a ƙasa wanda yake maƙalewa a jikin feda.

"In za ka tsaya, ka murɗa diddigenka waje, sai ya saki," in ji Hashim. "Amma ba za ka tsaya ba. Ka ji ni? Ko me ka gani a hanya, ba tsayawa. Kuma Larabci za ka yi. Abokaina ba sa jin Hausa."

"Kai ma ai yanzu Hausa kake yi."

"Don kai nake yi. Yalla, mu tafi."

Wurin da ake kira Kassara yana can bayan Ka'akiyya, inda a da injinan fasa dutse suke ta niƙa tsaunuka ana kwasa zuwa gine-ginen gari. Aikin ya ƙare, manyan motoci sun daina zuwa, aka jera tubalan kankare a bakin hanya, sai titin ya zama ba mai bi. Nan 'yan keke suka gano shi. Kwalta ce shimfiɗe tana hawa tana sauka tsakanin duwatsun da aka yanke wa ciki, babu hon, babu hayaƙi, babu direban da zai matse ka. Abokan Hashim, samarin Larabawa masu gilashi mai launin bakan gizo, suna kiran wurin Turai. Hashim ya shaida musu cewa babansa ɗan kwangila ne da ya taɓa riƙe rabin aikin wurin, saboda haka shi ke shiga gaba.

Da farko abin ya yi wa Abdulhadi daɗi fiye da yadda ya zata. Iska tana shiga ta ramukan hular kwano, rana tana taɓa kan duwatsu tana mai da su ja, tayoyi suna wani siririn kuka a kan kwalta. Har ya fara tsara saƙon da zai aika: zai ce mata zuciyarsa ma dutse ce da aka fasa, ita ce titin da ya ratsa ta. Ya ga jimlar ta yi kyau ƙwarai, ya ƙara wuta.

Bayan wata kwana, inda tsohon ma'aunin motoci yake, sai ga rumfar kwano a gefen titi. A ƙarƙashinta tsofaffi ne zaune a kan tabarma, da hulunansu, da butar shayi a kan gawayi. Tsofaffin Hausawa ne masu fasa dutse. Kowace Juma'a suke haɗuwa a nan kafin a tafi masallaci, don titin da mota ba ta bi, mai tambayar takardar zama ma ba ya bi.

Hashim ya duƙar da kai ya wuce kamar an harba shi. Abokansa suka bi. Abdulhadi ma ya yi niyyar bi, Allah ne shaida, amma yaron da aka haifa a Tudun Wada, wanda tun yana ƙarami ake dungure masa kai in ya wuce babba a kan keke, hannunsa ba ya neman shawararsa. Yana ganin furfura da hula, yatsunsa suka matse birki. Keken ya tsaya cak a gaban tabarma. Ya ja ƙafa don ya sauka ya tsuguna, ƙafa ta ƙi fitowa. Ya ja ɗayar. Sai a lokacin maganar diddige ta faɗo masa, a daidai lokacin da shi ma yake faɗuwa, a hankali, da natsuwa, har kafaɗarsa ta sauka kusa da butar shayi.

Tsofaffin suka dube shi. Shi kuma, kwance a gefe ɗaya da keke a tsakanin ƙafafunsa, ya ga babu abin da ya rage sai abin da ya tsayar da shi.

"Salamu alaikum. Ina kwananku, Baba?"

"Wa alaikumus salam. Lafiya lau," in ji wani mai faffaɗar kafaɗa da ke tsakiya, wanda sauran ke kira Kabo. "Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya mutanen gida?"

"Suna lafiya."

"Yaya ƙasa? Ka same ta lafiya?"

Wani siririn tsoho mai suna Maiturare ya ƙyalƙyale da dariya har shayi ya sarƙe shi. Da ya farfaɗo sai ya cire ƙyallen kafaɗarsa ya yafa wa Abdulhadi a cinya. "Rufe, ɗan nan. Da alwalarmu muke."

Ana cikin haka Hashim ya dawo, don keken nasa ne kuma ya fi son sa da mutane da yawa. Biyu daga abokansa suka biyo shi. Bai cire gilashi ba. Ya durƙusa ya murɗe ƙafafun Abdulhadi daga feda da ƙarfin da ya wuce bukata, ya duba fentin keken, sannan ya ce wa tsofaffin da Larabci, cikin muryar da ake yi wa baƙo magana, su yi haƙuri, sabon shiga ne.

Baba Kabo ya kurɓi shayinsa. "Hashimu, kokon da uwarka ta dama maka ka bar shi a kan taga. Ƙuda ya sha."

Ɗaya daga abokan ya dubi Hashim ya tambaye shi ko ya san tsohon ne.

"Tsohon ma'aikacin babana ne," in ji Hashim da Larabci, da sauri, yana gyara igiyar hularsa.

Abdulhadi ya shekara yana haddar Larabcin malamai, amma bai taɓa jin jimlar da ta yi masa nauyi kamar wannan ba. Ya ɗaga ido ya dubi tsohon sosai. Girar nan mai haɗewa a tsakiya, da yadda yake karkatar da kai in zai yi magana, ai sak na Minnatullah ne, su ya daɗe yana rubuta wa waƙa.  Surukin da yake ta shirya wa babbar riga da turare, ga shi ya same shi a kwance cikin ɗan kamfai.

Baba Kabo ya ajiye kofi, ya amsa wa saurayin da Larabcin da ya koya a bakin inji, mai kaushi amma a fili. "Gaskiya ya faɗa maka. Duk dutsen da babansa ya ci abinci da shi, hannun nan ne ya fasa."

Saurayin ya yi murmushin ladabi, bai gane ba. Hashim ya sunkuyo kusa da kunnen Abdulhadi. "Tashi ka hau mu tafi yanzu. In ka ƙara minti ɗaya a nan, ka manta da Minna."

Abdulhadi ya tashi. Gwiwarsa tana jini, ƙarfen takalmin yana ƙwas-ƙwas a kan kwalta. Ya kama ƙahon keken, ya dubi titin da ya miƙe fayau har cikin duwatsu, ya ji hawaye na neman zubo masa, don ya san in ya hau ya samu Hashim, in ya zauna bai san abin da zai samu ba. Sai ya miƙa wa Hashim keken, ya ɗaura ƙyallen Maiturare a ƙugu, ya tsuguna a bakin tabarma yadda ya so yi tun farko.

"Me ya ce ka manta da shi?" in ji Baba Kabo. Kunnensa, duk da ƙarar injin da ya sha, bai mutu ba.

"Minnatullah, Baba. Ni ne Abdulhadi. Na so in zo gaisuwa tuntuni, aka ce ba ka ganin baƙi."

"Ashe. Ni ma ban san ba na ganin baƙi ba." Ya ƙare masa kallo daga hular kwano har takalmi. "Kai ne mai aiko mata dogon rubutun nan da take karanta wa ƙannenta suna dariya?"

Abdulhadi ya sunkuyar da kai. Tsuntsayen Harami suka tashi daga zuciyarsa gaba ɗaya.

"Ba ka da wayo, ɗan nan, kuma ba ka iya keke ba. Kada ka ɗauka burge ni ka yi."

"Baba, mu yi maganar nan a gida," in ji Hashim, karon farko da ya yi wa tsohon Hausa a wurin, murya ƙasa-ƙasa.

"Wane gida? Na ɗan kwangila?" Baba Kabo ya dafa kafaɗar Maiturare ya miƙe, ya ɗaga murya yadda duk wanda ke wurin zai ji, ya faɗa da Hausa, sannan ya maimaita da Larabci saboda baƙi. "Juma'a mai zuwa yaron nan zai turo manyansa neman auren 'yata. A nan za a yi, a tsakiyar titin nan za mu shimfiɗa tabarmi, daidai lokacin da kuke wucewa. Ɗana Hashimu ne zai zuba wa kowa shayi."