Mahauciya A Zauren Natsuwa

Mu shida ne a cibiyar, kuma babu ɗayanmu da ya taso da niyyar wannan aiki. Shugabanmu Farfesa Yeo likitan ƙwaƙwalwa ne da ya gaji da asibiti. Akwai tsohon injiniyan kamfanin waya, akwai tsohon soja, akwai wata da ta yi shekaru da askakken kai tana bauta a haikali kafin ta fito ta yi aure. Ni, Bong Mi-ran, nas ce, na daɗe a ɓangaren masu taɓin hankali har sai da na ji nawa hankalin ya fara kaɗawa. Ta shidanmu ita ce Dakta Tak Bok-hui.

Cibiyar tana kan wani dutse a bayan garin Daegu, cikin harabar wani haikalin Buddha da ya ara mana gini. Muna koya wa mutane zaman natsuwa, mutum ya zauna shiru yana bin numfashinsa, sannan mu auna abin da zaman ya yi wa jikinsa: bugun zuciya, hawan jini, barci.

Ni Yaya nake ce wa Dakta Tak, don ta girme ni. Mahaifinta mahauci ne, ita ma tana gama sakandare ta shiga mayanka. Ta yi kusan shekara ashirin a can. Ta fara da wankin hanji, ta koma fiɗa, daga ƙarshe ita ke tsayawa a inda ake kashe shanun. Barci ne ya fara ƙaurace mata, daga nan hannunta ya soma rawa. Wata abokiyar aikinta ta ja ta wurin zaman natsuwa, ta je tana mita, amma ta sake komawa. Daga baya ta shiga makarantar yamma, ta yi digiri a ilimin halayyar ɗan Adam, ta kai ga digirin dakta tana dab da shekara hamsin. A kan barcin ma'aikatan mayanka ta yi bincikenta. Tana da faffaɗan hannu mai tabo, da murya irin ta wanda ya saba magana cikin ƙarar inji. Ajinta ya fi na kowa cika, musamman na matan ƙungiyar masu hidimar haikali, waɗanda Uwargida Ok ke shugabanta. Su dai sun san ta a matsayin Dakta, ba su taɓa tambayar abin da ya gabata ba.

Da cibiyar ta cika shekara goma aka shirya biki. Aka buga hotunanmu manya aka jera a bangon zaure, kowa da tarihin aikinsa a ƙasan hotonsa. Muna shigowa da safe ana saura 'yan kwanaki bikin, Yaya ta tsaya a gaban nata. Ta sa tabarau, ta karanta, ta cire, ta kira ni.

"Mi-ran, zo ki karanta min. Ko idona ne ya fara lalacewa?"

Na karanta: "Ta yi shekaru tana aiki a harkar abinci."

"Harkar abinci," in ji ta. "To ai shi ke nan, ashe tuwon shinkafa na yi ta sayarwa ban sani ba."

Ba ta ko cire riga ba ta wuce ofishin Farfesa, ni kuma na bi ta, don na san halinta. Farfesa yana shan shayin sha'ir, ya gan mu ya ajiye kofin.

"Farfesa, wa ya taɓa min tarihina?"

"Dakta Tak, zauna tukuna. Ba a taɓa ba, an dai sassauta ne."

"Na sojan nan an sassauta? An rubuta ya yi aiki a harkar tafiye-tafiye?"

"Ke ma kin san inda muke. Wannan haikali ne. Dokar farko da matan nan ke riƙe da ita ita ce kada a kashe mai rai. Idan Uwargida Ok ta ji cewa hannun da ke gyara mata zama…"

"Ya kashe shanu. Faɗi mana, ba zai ƙone maka harshe ba. Uwargida Ok ɗin da muke haɗuwa da ita a gidan gasa nama na gindin dutse? Naman da take ci daga bishiya ake tsinko shi?"

Farfesa ya shafa goshinsa. Ba mugun mutum ba ne. Shi ya ɗauke ta aiki lokacin da wurare da yawa suka ƙi ta, kuma sai da ya tuna mata haka.

"Na sani, kuma na gode," in ji ta. "Amma ba ka ɗauke ni don ka ɓoye ni a bayan ƙofa ba. Duk abin da na sani game da zuciyar da ta kasa kwanciya, a can na koye shi. Jami'a suna kawai ta ba shi."

"Kwana ɗaya ne, Dakta. A yi bikin a watse."

"Ubana ya yi shekara arba'in ana ce masa kwana ɗaya ne. Ranar bikin ƙanwata dangin ango sun zaunar da shi a teburin baya, aka ce wa baƙi ɗan kasuwa ne. Ya sunkuyar da kai ya ci abincinsa. Ni ba zan sunkuyar ba."

Farfesa ya ce ba za a sake buga rubutun ba. Ta ce to, ta fita.

A tsakar gida ta tarar da babban malamin haikalin, wanda muke kira Sunim, yana share ganye. Ta rusuna ta gaishe shi, ta gaya masa komai. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce ta yi haƙuri, ta bar zuciyarta ta lafa kafin ta yanke shawara.

"Sunim, zuciyata a lafe take," in ji ta. "Na zauna na duba ta sosai. Ba fushi ba ne kawai, gaskiya ce da ni."

Sunim ya ci gaba da shara.

Ranar biki zauren ya cika. Matan ƙungiya sun zauna a gaba cikin tufafinsu masu ruwan toka, baƙi daga jami'o'i a gefe. A can baya kuma ga wasu maza ƙarti su goma sha, sun sa kwat ɗin da ya matse su, suna ta muzurai. Ma'aikatan mayanka ne da Yaya ke koyarwa kyauta duk ranar Alhamis da yamma, bayan kowa ya tafi. Ita ta gayyato su.

Farfesa ya riƙa kiran mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kanta ya karanta digirorinta, ya ce ta yi aiki a harkar abinci, ya yi sauri zai wuce. Ta miƙa hannu ta karɓi makirfo daga hannunsa a hankali, kamar mai karɓar wuƙa daga hannun wanda bai iya riƙe ta ba.

"Ina da gyara kaɗan," in ji ta. "Ni mahauciya ce, 'yar mahauci. Na yi kusan shekara ashirin a mayanka, na kashe shanun da ban san adadinsu ba. Wasu daga cikinku sun ci namansu. Ban zo nan don in wanke kaina ba, ban kuma zo don a yafe min ba. Na zo ne don aikin ya hana ni barci, na sami abin da ya taimake ni, na yi karatu don in san dalilin da ya sa ya taimaka. Waɗancan da ke baya abokan aikina ne. Har yanzu suna yin abin da na bari, don kowa a garin nan ya ci. Na gode."

Sai wani daga baya, Pyeon, mai fiɗa, ya fara tafi shi kaɗai da tafukansa masu kauri, abokansa suka taya shi. Mu ma'aikata muka kalli juna. Na tafa, tsohon sojan ma ya tafa.

Uwargida Ok ta miƙe, ta gyara rigarta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malama, shekara nawa kina dafa min kafaɗa kina cewa in saki jiki? Da wannan hannun?"

"Da shi, Uwargida. Kuma kin ce ciwon kanki ya tafi."

"Ya kamata a gaya mana."

"A nan kin yi gaskiya. Shi ya sa na gaya muku."

Uwargida Ok ta fita, fiye da rabin matan suka bi ta. Waɗanda suka rage suka zauna suna kallon ƙasa.

Ba a yi mako ba ƙungiyar ta aiko da saƙo cewa ba su yarda Dakta Tak ta sake koyarwa a zauren haikali ba, kuma ba sa son ganin mutanen mayanka a harabar. Sunim bai goyi bayansu ba, bai kuma hana su ba. Farfesa ya kira ta ya ce za ta iya ci gaba da zama a ofis tana nazarin sakamakon gwaje-gwaje, ba tare da ta shiga aji ba, har ƙura ta lafa.

"Wato in zauna a ɗakin baya," in ji ta. "A'a, Farfesa. Ka riƙe ofishinka."

Na taya ta kwashe littattafanta. Ina ta kuka, ita kuwa tana yi min tsiya.

"Ke Mi-ran, wa ya mutu? Share hancinki, kina jiƙa min kwali."

"Yaya, da kin yi shiru na yini ɗaya…"

"Da yanzu ina nan, ina koya wa mutane su kalli gaskiyar abin da ke ransu, ni kuma ina zaune a kan ƙarya. Ɗauki wancan, yana da nauyi."

Shugaban ƙungiyar ma'aikatan mayanka ya nema mata izini ta riƙa amfani da ɗakin cin abincinsu bayan an tashi aiki. Ta buga min waya ta ce tana buƙatar mai auna hawan jini, amma ba ta da abin biyana. Na je na gaya wa Farfesa cewa ranar Alhamis da yamma ba za a riƙa ganina ba, na kuma faɗa masa inda zan je. Ya ce in ɗauki na'urorin awo na cibiyar, in dai zan dawo da su lafiya.

Ɗakin ba shi da kama da zaurenmu. Ƙasa siminti ce mai sanyi, warin maganin wanke-wanke ya cika ko'ina, injin sanyaya nama yana ta gurnani ta bayan bango. Mazan suka ture tebura gefe, suka shimfiɗa kwalaye. A nan sun fi yawa, har da mata masu wankin hanji, waɗanda ba su taɓa yarda su hau dutsen ba.

"Yaya Dakta," in ji Pyeon, "mun ji an kore ki daga aljanna saboda mu."

"Rufe min baki ka miƙe bayanka. Ka zauna kamar buhun kabeji."

Aka yi dariya. Na bi su ina ɗaura musu abin awo a dantse. Ta kaɗa ƙaramar ƙararrawa, ɗakin ya fara yin shiru. Can sai wani dattijo da ya zo karo na farko ya ɗaga hannu. Shi ne yanzu ke tsayawa a wurin da Yaya ta taɓa tsayawa, inda ake kashe shanun.

"Malama, ni fa ba zan iya rufe ido ba. Da na rufe, su nake gani."

Yaya ta taso ta zauna kusa da shi a kan kwalin.

"Kada ka rufe, Baba. Babu wanda ya ce dole. Kalli ƙasa nan gabanka, ka bar su su zo idan za su zo. Kai dai ka ja numfashi."

Ya ja numfashin.

"Yauwa. Sake shi a hankali. Ka sake ja."