Teburin Christy Mongan

Winnie na cikin zuba romo a kan kifi ta hango Fintan, mai gidan abincin, yana bin tebur-tebur da sauri, yana dasa 'yan allunan nan masu cewa an kama wuri. Ga shi rana tsaka, rabin zauren wayam. Duk ɗan garin Galway ya san fassarar haka: ɗan ƙabilar Matafiya ya doso ƙofa.

Haka ake yi musu, ba zagi ba kora. Da an ji harshen mutanen nan da suka tashi a gidajen tirela a bakin titi, sai wuri ya cika nan take. Rashin mutunci ne tsagwaronsa, sai dai da murmushi ake yin sa.

Ta leƙa ta tagar miƙa abinci. Tsoho ne cikin kwat ɗin zuwa coci, hula a hannu. Christy Mongan, mahaifinta.

Shekara da shekaru Ireland na yabon girkinta da sunan Winifred Keane. Keane ɗin sunan mijinta ne. Jaridu sun wasa ta, an ba ta lambar yabo, an nuna ta a talabijin. Ba wanda ya taɓa tambayar gidan da ta fito. Ta kuma san ranar da aka ji Mongan, sunan Matafiya, masu hannu da shuni za su fara ƙyamar abin da ta taɓa.

"Ayya, dattijo, yau duk an kama," in ji Fintan.

Christy ya ƙare wa kujerun kallo. "Su wa suka kama, aljanu?"

Sai idonsa ya faɗa cikin na 'yarsa. Ya yi maza ya sunkuyar da kai. "Ba komai, ɓatan hanya na yi."

Wannan sunkuyawar ce ta ƙona mata rai. Ta dire cokali, ta fito tsakiyar zaure.

"Fintan, kwashe katakon nan. Ubana zai zauna."

"Ubanki?"

"Mongan ce ni gaba da baya. Romon da kake tutiya da shi, a bakin titi uwata ta koya mini, kan wutar itace."

"Ke Winnie," tsohon ya ce ƙasa-ƙasa, "wurin kawai na zo gani. Kada ki ɓarar da abincinki saboda ni."

"Zauna, Baba."

*

Da kanta ta kawo masa farfesun rago da dankali, ta ja kujera ta zauna. A teburin gefe wata mata ta ture farantinta, ko rabi ba ta ci ba, ta nemi rigar ruwanta.

Christy ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska. "Gishiri bai ji ba. Da uwarki na da rai, da kin sha ludayi."

Ta tuntsire da dariya har ana waiwayowa.

"Ki ce musu wasa kike, 'yar nan. Har yanzu da sauran dama."

"Ba zan ce ba. Ci abincinka."

*

Ta raka shi har mota, ta dawo. Ta tarar da Fintan tsaye a bakin teburin, yana ƙirga cokula da wuƙaƙe, ko wani ya yi ƙafa.

"Ka'ida ce kawai, Winifred," ya ce, kunnuwansa sun yi ja.

"Winnie Mongan. Ƙirga da kyau, ina jira."

Ta harɗe hannu. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Sun cika cif. Amma bai matsa ba. A hankali idonsa ya sauka a kan aljihun rigar girkinta.