Saniya Mai Rigar Mama

Ranar da motar Shirin Noma Mai Ɗorewa ta tsaya a ƙofar gidan Balbaara, sai da maza shida suka taru kafin saniyar da ke ciki ta yarda ta taka ƙasar Yakutiya mai tsananin sanyi, can ƙuryar arewacin duniya. Ƙatuwa ce, ja da fari, da lamba a kunne, ga hantsa kamar tulu. Ta dubi gidan katako, ta dubi ɗakin shanun da aka yaɓe da kashin shanu, ta yi atishawa. Nan take Balbaara ta raɗa mata suna Madam.

Mijinta Miiterey ne ya jawo musu. Ya je taro a hedikwatar gunduma, aka ba shi shayi da biskit, aka kira shi manomi mai hangen nesa, sai kawai ya kama biro ya sa hannu. Mutumin da ya shekara saba'in ba a taɓa yaba masa komai ba sai iya cin ɗanyen kifi daskararre, ina zai iya jure irin wannan kirari?

Jami'in gonan da ya kawo saniyar, Erchim, ɗan ƙauyen ne. Balbaara ta san shi tun majina na daskarewa a hancinsa. Yanzu ya yi karatu a birni, ya dawo da tabarau da jaka.

"Inna Balbaara, lita ashirin da biyar a rana," in ji shi, yana shafa gadon bayan Madam. "Wannan gajeruwar taki fa, lita nawa?"

"Huɗu. Amma ka tsayar da cokali a ciki, ka ga ko zai faɗi."

"Ba a rubuta kauri a rahoto, Inna. Lita ake rubutawa."

Gajeruwar da yake nufi ita ce Mangaas, mai farar fuska, gashi buzu-buzu har kan hantsa. Tsatson saniyar da uwar Balbaara ta ba ta ranar aurenta ce, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi 'ya, shekara arba'in da biyar ba a yanke ba. A sanyin digiri hamsin ƙasa da sifili takan fita da ƙafarta zuwa tafki, ta sha ruwa a ramin da aka fasa cikin ƙanƙara, ta dawo ko tari babu. Ita kaɗai ta rage a ƙauyen. Sauran gidaje duk sun ba da nasu sun karɓi Madam-Madam, bijimin garin ma motar shirin ta tafi da shi tun bara, wai ya zama tsohon yayi. Shi ya sa bana Mangaas ba ta da ciki, nononta kuma ya fara janyewa. Balbaara ta ƙudura da bazara za ta kora ta can wani ƙauye mai nisan kwana uku, inda aka ce akwai sauran bijimi guda.

Amma kafin bazara akwai wata tara na sanyi, kuma tsibin ingirici uku ne kacal a bayan gida. Ambaliya ta cinye rabin fadamar da suke yanka, sauran kuma su biyu suka yanke da doguwar lauje, sauro na shan jininsu. Tsibi uku ya ishi Mangaas har ya yi saura. Madam kuwa ci take kamar an aiko ta.

Sanyi na shigowa ta nuna halinta. Ta ƙi fita tafki. Erchim ya aiko da takarda cewa irin wannan saniya ruwan ɗumi take sha, sai ga Miiterey yana saro ƙanƙara da gatari, yana jan ta a kan katako, yana narkawa a murhu bokiti shida kullum. Itacen da suka tanada don kansu ya koma na Madam. Sannan kan nononta ya tsage. Balbaara, wadda ita kanta ba ta taɓa mallakar rigar mama ta kirki ba, ta zauna ta ɗinka wa saniya guda da fatar zomo, har da maɗauri a gadon baya. Kafin mako biyu duk matan ƙauyen sun ɗinka, har ana gasar wadda tata ta fi kyau.

"Kai tsoho, zo ka ga hangen nesanka," Balbaara kan ce in ta gama tatsa. "Lita tara, kuma kana iya ganin gindin bokiti ta ciki."

"Ai ba ta saba ba ne tukuna, tsohuwa."

"To mu jira ta saba. Kai dai ci gaba da dafa mata ruwan wanka."

A watan Nuwamba tsibi guda ya ƙare ƙaf. Balbaara ta zagaya sauran biyun tana aunawa da taku, ta sake zagayawa, lissafi bai canja ba. Baki ɗaya za su kai bazara, ba biyu ba. Da Erchim ya zo duba lafiyar Madam, ta tare shi a ƙofar ɗakin shanu.

"Ranka ya daɗe, ko ku ba mu ciyawa, ko ku zo ku kwashe kayarku."

"Ciyawa ba ta cikin shirin, Inna. Madam kuwa dukiyar hukuma ce, tana cikin kwamfuta. Ko gashinta ya ɓace sai an yi bayani."

"To wace ce ba ta cikin kwamfuta?"

Erchim ya gyara tabarau ya kalli lungun da Mangaas take tsaye tana tuƙa.

"Gaskiya ɗaya ce, Inna. Saniyar da ba ta haihuwa, ba ta nono, baki ce kawai."

"Wa ya kwashe bijimin?"

"A'a, wannan wani sashe ne daban, ba namu ba."

Balbaara ta yi iya yinta. Ta bi gidajen maƙwabta, ta tarar kowa da tasa Madam da nasa lissafin. Ta riƙa shiga bakin tafki tana karyo rassan itace, Mangaas na ci ba musu, har haƙarƙarinta ya fara fitowa ta cikin gashi. Wannan haƙurin ne ya fi yi wa Balbaara ciwo. Da saniyar ta yi kuka ko ta yi harbi, da ta fi samun sauƙi.

Wata safiya a Disamba ta zaɓo ingirici mafi laushi daga tsakiyar tsibi, ta yayyafa gishiri, ta tsaya har Mangaas ta cinye. Ta miƙa wa Miiterey igiyar ba tare da ta kalle shi ba, ta shige gida ta ƙure rediyo. Ta yi kukan da ba ta yi irinsa ba tun mutuwar uwarta. Shi ma tsohon, da ya gama yanka ta, kwana biyu bai sa komai a bakinsa ba, kuma daga ranar bai ƙara cewa Madam za ta saba ba. Naman suka sauke a rumbun ƙasa, ramin da ƙanƙararsa ba ta narkewa rani da damina, suna ci kaɗan-kaɗan, don yunwa ba ta san makoki ba.

A watan Maris wata sabuwar mota ta biyo ta kan daskararren kogi. Erchim ya fito da sabuwar jaka, tare da wata baƙuwa doguwa daga ƙasar waje, wai ita Dakta Hilkka. A ƙauyen ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya ci ya sha. Balbaara ta zuba musu romo mai zafi, mai na yawo a sama. Baƙuwar ta sha, ta lumshe ido, ta yi magana da yarensu.

"Ta ce ba ta taɓa shan romo irin wannan ba," in ji Erchim, yana miƙo kwanonsa a ƙara masa.

Da ya suɗe kwano na biyu, ya share baki ya buɗe jaka. Ashe sabon shiri aka fito da shi, na ceto shanun gargajiya. Masana sun yi shekara biyar suna bincike, sun gano cewa gajeruwar saniya mai gashi ba ta son ruwan ɗumi, ba ta cin ciyawa da yawa, ba ta ciwo, saboda haka ita ce makomar noma mai ɗorewa a ƙasashen sanyi.

"Na gaya wa Dakta, ni tun tuni nake faɗin haka," in ji shi, ko kunya babu. "Na ce mata a duk yankin nan Inna Balbaara ce kaɗai ta riƙe amana. Za a kawo bijimi, za a kawo ciyawa kyauta. Mu je ta gan ta."

"Ai ta gan ta," in ji Balbaara. "Kai ma kwano biyu ka sha."

Miiterey ya sunkuyar da kai. Erchim ya fassara a hankali, baƙuwar ta ajiye cokali, fuskarta ta yi ja. Suka yi ta magana ƙasa-ƙasa, can sai fuskar Erchim ta washe.

"Inna, akwai sauran ɗanye a rumbu? Wanda bai taɓa narkewa ba?"

"Akwai ƙafar gaba."

"Madalla! To ai ba ta ɓace ba! Dakta ta ce ɗan yanki kawai take so, za a adana irin a ɗakin bincike. Ka ga, an ceto ta ke nan." Har ya zaro biro ya fara rubutawa.

Balbaara ta so ta kwaɗa masa ludayi, amma ƙarfin yin haka ma babu. Ta ɗauki wuƙa ta sauka rumbun, ta daɗe a ciki fiye da yadda yankan nama ke bukata. Ta fito da ɗan yanki kamar kan babban yatsa. Baƙuwar ta karɓa da hannu biyu, ta sa a wata 'yar kwalba ta rufe.

"Tambaye ta," in ji Balbaara, "a cikin kwalbar nan za ta haihu?"

Erchim ya tambaya, ya saurara, ya yi tari.

"Ta ce yana yiwuwa. Nan da kamar shekara ashirin, in an amince da shiri na uku."

Shekarun Balbaara sittin da takwas. Ta gyaɗa kai, ta bi su har bakin mota, iska na yanka fuska. Direba ya kunna na'urar ɗumama mota, baƙuwar ta zauna da kwalbar a cinya. Har sun fara tafiya Balbaara ta buga gilashi da tafin hannu, Erchim ya sauke.

"Gaya mata ta matsar da ita daga wajen zafin nan," ta ce. "Ba ta saba da ɗumi ba."