Kujerun da Suka Ba Ƙofa Baya

Ni na riga kowa gani. Kafin masu digiri su gani, kafin matar nan mai tabarau ta gani, ni da ban taɓa zama a aji ba, na gani. Ranar da na raka jikata jami'a, akwatinta a kaina, muka bi ta gaban laburare, na leƙa ta gilashi. Tebura a jere jikin bango, kujeru kaf sun ba ƙofa baya. Na ce a raina, ɗakin nan zai ci yaranmu. Ban faɗa wa kowa ba, don ba a tambaye ni ba.

Mu mutanen ƙetaren kogi ba mu da yawa, harshenmu ma in ka haye gada ba mai ji. A da mun fi haka. Ranar da masu adda suka shigo mana, maza na zaune a zauren taro suna sauraron mai magana, kowa ya ba ƙofa baya. Ni kaɗai nake fuskantarta, shi ya sa yau ni ke ba da labari ba wani ba. Sara suka same ni da shi a kafaɗa, na fita ta taga da abina. Tun daga nan, duk yaron da ya tashi a gidajenmu, ya kuskura ya zauna ƙofa na bayansa, ranƙwashi zai sha tun kafin ya iya magana. Ni na kafa dokar, kuma har gobe ina kan bakana.

Tsuntsuwa ake ce wa yarinyar a gida, don ba ta da jiki. Harhaɗa magunguna ta je karanta. A aji ba ta da damuwa, ƙofa na gaba kusa da allo. A ɗakin kwana kuwa ba a karatu, wannan na waya, waccan na wanki, wata na kitso. Manyan littattafan da malamai ke turo su gare su kuma ba a fita da su, sai dai a karanta a laburare a mayar. To, sai ta samo dabara, ita da yayanta Dogo, ɗan wan babanta, da sauran 'yan ƙetare da ba su cika hannu biyu ba. Su ɗauko littafi, su shige tsakanin kantocin littattafai, su jingina da ƙarfe inda ido ke iya kai wa ƙofa, su yi karatunsu a tsaye.

Littafin magunguna kuwa ya kai nauyin jariri. Ta tallafe shi da hagu, ta yi rubutu da dama a gefen kantar, kafin rana ta karkata ƙafafunta sun kumbura, takalmi ya ƙi fita. Rubutun ya karkace, ita kanta ba ta iya karanta shi. Zangon farko ta faɗi kwas biyu. Malaminta ya kira ta ofis, bai ko ce ta zauna ba, ya ce in ta sake faɗuwa sai gida.

'Yan makaranta suka sa musu suna, sojojin kanta.

“Soja, a ba ni hanya in wuce, ko sai na nuna kati?”

“Ƙyale su, a garinsu ba a ƙirƙiro kujera ba tukuna.”

 Dogo kan yi murmushi ya matsa.

Ana nan sai aka fara samun littattafai an yage musu shafi. Sajan, mai gadin ƙofar laburare, wani tsohon ɗan sanda mai tumbi, bai yi dogon tunani ba. Su wa ke laɓewa tsakanin kantoci? Su wa idonsu kullum ke kan ƙofa kamar marasa gaskiya? Wata rana da hantsi, ɗaki cike, Dogo ya zo fita, Sajan ya tare shi da sanda.

“Kai, dogon banza, zazzage jaka.”

Ya zazzage. Biro, kati, guntun burodi.

“Cire riga.”

“Yallaɓai, a nan?”

“A'a, a gidan ubanka. Cire!”

Ya cire riga, ya cire takalmi, aka juye masa aljihu. Masu karatu suka juyo da kujerunsu, wasu suka ɗaga waya suna ɗauka. Ba a samu ko ƙyallin takarda ba. Sajan ya ce yau ya tsira, ya tura masa rigar da bakin sanda. Tsuntsuwa na tsakanin kantoci, littafi a ƙirjinta, tana gani.

Da yamma ta same shi yana ɗaure jaka.

“Yaya, jarrabawa ta kusa fa.”

“Ki rubuta tawa da taki, ƙanwata. Kin fi ni kai.”

“Gida za ka?”

“In je in ce wa Tsoho me? An tuɓe ni ina tsaye ina kallo?”

Ya tafi. Gidan ma bai zo ba, balle ni Tsohon da yake nufi in sa shi a ido.

Washegari Tsuntsuwa ta ce yau ko ana mutuwa sai ta zauna. Ta ja kujera a layin bango, ta zauna, ta buɗe littafi. Ƙeyarta ta fara zafi kamar an kara mata garwashi. Ta karanta layi ɗaya, ta sake karanta shi, ba ta san abin da ya ce ba. Kunnenta duk yana baya: takun takalmi, tari, jan kujera. Gumi ya jiƙa mata riga. Sai ƙofa ta yi ƙara, wani ya shigo da sauri. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba, kujera ta kife, littafi ya daki ƙasa. Ɗaki ya kwashe da dariya.

“Soja ya ji harbi!”

Ta fita ba ta ɗauki ko jakarta ba. A bayan ginin, kusa da injin wuta, ta durƙusa tana amai.

Nan matar ta same ta. Maman Laburare suke ce mata, ita ke kula da ɗakin karatun, gajeruwa mai tabarau da igiya a wuya, tana jan ƙafa ɗaya in tana tafiya. Ta daɗe da lura da masu tsayuwar nan, amma sau biyu tana kuskure. Ta fara zaton Turanci ne ya yi musu nauyi, ta shirya musu darasi, suka zo suka nuna sun fi wasu iyawa. Ta koma zaton kunya ce, ta kira su taron maraba a wani ɗaki, ta jera kujeru suna kallon allo, ƙofa a baya. Suka shigo, suka tsaya jikin bango, suka sha lemo, suka yi godiya, suka fita. Ranar da aka tuɓe Dogo tana wurin taro. Da ta dawo ta wanke Sajan tas, amma wanda aka yi dominsa ya riga ya hau mota.

Ta ajiye wa Tsuntsuwa jakarta, ta miƙa mata ruwa.

“'Yata, na gaji da kintace. Kujerun ne ke cizo?”

Tsuntsuwa ta karɓi ruwan ta kuskure baki.

“Ni dai ba zan iya durƙuso ba, gwiwar nan ta gama aiki. In ba za ki tashi ba, a tsaye zan jira ki, in zama soja ni ma.”

Dariya ta kuɓuce wa yarinyar, kuka ya biyo baya. A cikin kukan ta faɗa mata: zauren taro, ƙofa, taga, kafaɗar kakanta, ranƙwashi. Ta ce, “Mama, na san ba mai shigowa. Kaina ya sani. Bayana ne bai sani ba.”

Matar ta cire tabarau ta goge, ta daɗe tana gogewa.

Ta je wurin Oga, shugaban laburare, ta roƙi a juya layi ɗaya kawai ya fuskanci ƙofa. Oga ya ce teburan a ɗaure suke da ƙasa, wayoyin wuta na bi ta cikin bango, kuma da gangan aka jera su haka don mai gadi ya riƙa ganin hannun kowa daga baya.

“Yau in juya wa 'yan ƙetare tebur, gobe wasu su ce a buɗe musu taga, jibi wasu su ce tabarma suke so. Madam, jami'a ce nan. Wanda ya zo, shi zai saba da mu.”

“Ranka ya daɗe, ɗaya ya riga ya tafi.”

“To an samu kujera.”

Ta fito daga ofishin. Ranar hutu ta sa mijinta ya ɓalle madubin durowar ɗakinta, wani dogo mai tsatsa a gefe, suka ɗauko shi a bayan mota an naɗe da bargo. Suka kafa shi a kwance jikin bango, sama da layin ƙarshe, ta sa aka karkata shi kaɗan, ta zauna a kowace kujera tana gwadawa, tana cewa a ɗaga, a sauke, har ƙofa ta fito a ciki gaba ɗayanta, da Sajan da tumbinsa.

Da aka dawo ta kamo hannun Tsuntsuwa ta zaunar da ita.

“Ɗaga ido. Me kika gani?”

“Ƙofa.”

“To ga ki ga ta. In ta motsa, kin riga ta. Yi karatunki.”

Ranar farko madubin ta karanta, ba littafi ba. Rana ta biyu ta gama shafi. Kafin mako ya fita tana rubutu a miƙe, kumburin ƙafa ya saɓe, sauran 'yan ƙetare suka fito daga cikin kantoci ɗaya bayan ɗaya suka cika layin.

A gida kuwa uwar Dogo ta daina cin abinci. An ce an gan shi a tasha yana lodi, aka je ba shi. An ce an gan shi a wani gari, aka buga waya, ba shi ba ne. Iyaye suka taru suka ce tun ba a rasa biyu ba a je a ɗauko yarinyar. Wa za a aika in ba ni ba?

Na isa da rana tsaka. Sajan ya ce kati. Na ɗaga riga na nuna masa kafaɗa, na ce ga katina, wanda ya ba ni shi ya fi ka sanda. Ya kauce. Na shiga, sai ga abin da ban taɓa zaton zan gani da raina ba: jinina, a zaune, ta ba ƙofa baya, kai a sunkuye kamar akuyar da aka kai mahauta. Na cire takalmi na riƙe. Ni da na bi ta tsakiyar masu adda ba su ji motsina ba. Na lallaɓa, na dunƙule hannu don ranƙwashi.

Ba ta ɗago ba, biro bai tsaya ba, ta ce da harshenmu, “Tsoho, mayar da takalminka, kana ba ni kunya. Tun kana yi wa Sajan tsiraici nake kallon ka.”

Na sauke hannu. Ta nuna sama da biro. Na ɗaga kai, sai ga wani tsoho da takalmi a hannu, ga ƙofa a bayansa.

“Uwargida, tashi mu tafi. An ce in zo da ke.”

“Sake ni ka yi ne da za ka mayar da ni gidanmu?”

“Ba wasa nake ba. Dogo shiru har yau.”

Biron ya tsaya. Ta daɗe tana kallon madubin, na san kuma ba ni take kallo ba, ƙofar take kallo, ko wani dogo zai sunkuyo ya shigo. Sannan ta ce, “In na bi ka, Sajan ya kori biyu ke nan. Jarrabawa jibi. Ka ce wa Innata ina ganin ƙofa.”

Maman Laburare ta iso tana jan ƙafa, ta gaishe ni da ladabi, ta ce, “Baba, a bar mana ita.” Na dubi matar, na dubi madubin, na zaga na zauna a kujerar gefe, karon farko tun ranar zaure da na ba ƙofa baya. Ƙeyata ta yi zafi, amma ƙofar na nan a gabana. Na ce, dokata ba ta karye ba, ido na kan ƙofa. Na koma gida ni kaɗai, na sha surutu, ban kula ba.

Tsuntsuwa ta haye, da ƙyar, amma ta haye. Matar kuwa, Oga ya ce ta huda bangon jami'a ba izini, aka mayar da ita sito, can ƙarƙashin gini inda ake tara tsofaffin jaridu, ba ɗalibin da ke zuwa. Nan ta ƙarasa aikinta, gwiwar ta ƙarasa lalacewa a kan matakala. Shafuka suka ci gaba da yagewa bayan tafiyar Dogo, ba wanda ya ce a nemo shi a ba shi haƙuri. Uwarsa ta rasu tana kwana da fuska wajen ƙofa, ba don dokata ba, don jira. Sajan na nan, tumbi ya ƙaru. Madubin ma na nan, an ce a cire, aka rasa wanda zai kawo tsani. Sababbin ɗalibai sun ɗauka don gyaran ɗankwali aka sa shi. Yaranmu kuwa tun daga gida ake gaya musu: in ka je, layin ƙarshe, jikin bango. Kujerun ba sa isa, wanda ya makara yana tsaye a cikin kantoci har yau.

Wanda ya ce ƙarya nake, hanya a buɗe take. Ya je laburaren, ya cire takalmi, ya lallaɓa bayan kowane yaro a layin nan. In ya taɓa kafaɗarsa kafin yaron ya faɗa masa launin rigarsa, ya dawo nan ya same ni, zan juya in ba shi baya, ya sare ɗaya kafaɗar.